Jirgin da Ke Girgiza Teburin Baba

Abbasiyya, Alƙahira.

Zuwa ga Yayana Ramiz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Dalya da yara, ya ƙara maka albarka a kantin maganinka, ya kuma sa sanyin Kanada bai ƙarasa kwashe ɗan gashin da ya rage maka ba. Mu nan alhamdu lillahi. Mama tana nan da gwiwarta, kullum tana cewa ta ji sauƙi, kullum kuma sai an riƙe ta a matakala. Gwaggo Afaf ta zo mana kwana biyu ta yi mako uku, ta yi faɗa da mai kawo gas, ta yi da mai gadin gida, ta tafi tana cewa mu ne ba mu da haƙuri. Hazim yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran jaket ɗin da ka yi masa alkawari tun kafin aurenmu.

Yaya, ka tambaye ni a waya me ya sa Baba ya daina rubuto maka wasiƙa, har kana cewa ko fushi yake yi don ba ku zo da Sallah ba. Na ce maka aiki ne ya yi masa yawa, ka ce to, amma na ji a muryarka ba ka yarda ba. Ba fushi ba ne. Ka samu wuri ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, kuma don Allah kada ka ɗauki waya a tsakiya, na san halinka.

Dole sai na fara da aikinmu, ko da yake duk ranar da Baba ya soma bayaninsa a kan teburin cin abinci kai kan tuna ba ka wanke hannu ba. To yau babu wurin gudu. Muna da guntun silikon da bai kai farcen ɗan yatsa ba, an zana hanyoyin haske a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Hasken daga waje yake zuwa, ta cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Matsalar ita ce hasken da ke cikin zaren ya fi hanyar faɗi nesa ba kusa ba, kamar a ce ka juye bokitin ruwa a bakin kwalbar turare. Abin da Baba ya ba rayuwarsa shi ne yadda za a fiƙe bakin hanyar, a sirantar da ita har haskenta ya buɗe ya yi daidai da na zaren. Amma komai kyan zanen, sai an kawo bakin zaren saitin bakin hanyar, a yi ta murɗa sukurori a hankali ana kallon ma'auni har lambar ta kai ƙololuwa, sannan a ɗiga gam da tsinin allura, a haska masa fitila ya bushe. In ka kauce da abin da bai kai ƙurar da ke kan gilashin idonka ba, rabin hasken ya tafi. In kuwa allurar ta taɓa bakin guntun, ya ɓantare ke nan, sai kwandon shara.

Tun da Baba ya kafa ɗakin gwajin nan, ɗiga gam aikinsa ne shi kaɗai. Mu yi zane, mu yi awo, mu share, mu shirya, amma in an zo kujerar ƙarshe kowa ja da baya yake yi a kira Dakta Sarwat. Ba doka ba ce a rubuce, haka kowa ya taras. Ni ma da nake 'yarsa, in na sa farar riga na shiga ɗakin nan ba na ce masa Baba, sai Dakta, shi kuma ya ce mini Injiniya Nirmin, kamar ba shi ya yi mini huɗuba ba. Kuma gaskiya ya cancanci kujerar. Mutane daga wasu jami'o'i sukan ɗauko guntayensu su kawo masa, don an san hannunsa ba ya motsi.

Guntayen sabon aikinmu, na na'urar gwajin ruwan sha, a waje ake ƙera su, kuma mun kusa shekara muna jira kafin su iso, 'yan kaɗan a cikin akwati kamar na zobe. Ranar farko Baba ya zauna, ya saita, ya ɗauki allura, sai muka ji ɗan ƙas, lambar ta faɗi ƙasa warwas. Ya ɗago ya ce jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya wuce ya girgiza teburin. Ka san ramin jirgin bai da nisa da gininmu, wani lokaci har kana jin sa a tafin ƙafa. Amma Yaya, teburin nan a kan wasu matasai masu cike da iska yake shawagi, don wannan girgizar aka saye shi, kuma shekara da shekaru jirgin yana wucewa bai taɓa ɓata mana komai ba. Na sani, Bishoi abokin aikina ya sani, ɗalibai ma sun sani. Duk muka gyaɗa kai muka ce lallai jirgin nan ya dame mu.

Da na biyu ya ɓantare, sai ƙaryar ta yi ƙafafu. Bishoi, Allah ya shirye shi, ya je wurin masu faci ya yanko roba ya cusa a ƙarƙashin ƙafafun tebur, yana faɗi da ƙarfi wai yanzu jirgi ya gama da mu. Ya kuma ɗora kofin ruwa a bakin taga ya naɗa kansa mai gadinsa, in ruwan ya yi rawa ya ɗaga hannu, in ya kwanta ya ce bismillah Dakta, shi da yake Kirista. Na ce masa a waje wai shi bai jin kunya, injiniya guda da gemu yana gadin ruwa. Ya ce to Hajiya mai gaskiya, ga ƙofa nan, in shiga in gaya wa Dakta abin da na gani, shi zai tsaya a baya ya karɓi gawata. Ban shiga ba. Haka muka ci gaba, aka sake rasa wani, har ya rage saura ɗaya tak a cikin akwatin.

A gida ma idona ya buɗe. Na lura Baba ya daina shan shayi a ƙaramin kofin gilashi mai faranti, wanda yakan yi ƙara in hannu ya motsa, Mama ta koma ba shi a babban kofi, rabi kawai. Ya daina shan miyar lalo in akwai baƙi. Rigunansa masu ƙananan maɓallai duk sun koma ƙasan akwati. Na tare Mama a kicin tana naɗe mahshi, shinkafa a cikin ganyen inabi, na ce mata tun yaushe ta sani. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce tun azumin bara, kuma in na kuskura na buɗe bakina ba za ta yafe mini ba, don mutumin da duk sunansa a hannunsa yake ba a gaya masa irin wannan magana a kan abincin rana. Na ce to guntun da ya rage fa? Ta ce ita ba guntu ta aura ba. Wallahi raina ya ɓaci, na fita na bar ta da ganyen inabinta, amma a matakala kuka ya ƙwace mini.

Ka gane abin da ke kan guntun nan, Yaya. Kwamitin jami'a zai zo ya ga na'urar tana aiki, kuma shugaban sashe ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ɗakinmu, yana so ya ba wasu. In babu haske ranar, an rufe ɗakin. Sababbin guntaye ba za su iso ba sai bayan Baba ya yi ritaya a ƙarshen shekarar karatu. Wato mutumin nan zai fita daga wurin da ya gina da hannunsa, abin da za a tuna da shi kawai shi ne aikinsa na ƙarshe bai yi ba.

Ana cikin haka, ranar wata Talata, Baba ya shigo ya ce ya ji za a tsayar da layin jirgin ranar Juma'a da safe don gyara, saboda haka ranar za mu ɗiga gam, kowa ya zo da wuri. Bishoi ya ce madalla Dakta, wannan dabara ta yi, amma fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da sammaci. Da muka fita ya ce mini ya Adra, wato yana kiran Nana Maryam irin yadda suke yi, da ya san mai shirya gyaran nan da ya je ya kama ƙafarsa. Jirgin nan fa shi ne mayafin da muka lulluɓa wa Baba, ga shi shi da kansa ya zaɓi ranar da za a yaye. Bishoi ya kawo shawara mu lallaɓa ranar Alhamis da la'asar in Dakta ya tafi, ni in ɗiga gam ɗin, mu ce kuskure aka yi. Ya san na daɗe ina gwada hannuna a kan tarkacen gilashi in kowa ya watse. Na ce a'a, Baba zai fi son guntun ya ɓantare a hannunsa da a sace masa kujera. Ranar Alhamis ɗin ni na tuƙa shi gida, na shirya maganata tsaf tun daga ofis, muka shiga cunkoson titin Salah Salim na buɗe baki na ce Baba, ya juyo, sai na ji kaina ina tambayarsa ko mangwaron Isma'iliyya ya fara shigowa kasuwa. Ya dube ni ya ce bai sani ba.

Juma'a da safe titi fayau, sai mai keken wake da ke kusurwa. Muka sa fararen riguna da hulunan gashi da safar hannu, mu uku kawai, don Baba ya ce ɗalibai su huta. Bishoi ya ɗora kofinsa a taga saboda sabo. Ban taɓa jin ginin nan shiru haka ba. Baba ya zauna ya kama sukurun farko, lambar ta fara tsalle, in ya saki ta tsaya, in ya taɓa ta ci gaba. Ya kawo hannun hagu ya riƙe wuyan na dama, ya yi ta lallaɓawa, gumi yana tsattsafo masa a ƙarƙashin hula, har ya kai ta kusa da ƙololuwa. Sannan ya miƙo hannu, ni kuma na ɗora masa allurar kamar yadda na saba.

Madubinmu yana nuna komai a kan allo, ya ƙara masa girma. Tsinin allurar ya shigo allon kamar taɓarya, ɗigon gam yana reto a bakinsa, yana kaiwa yana komowa, ga bakin guntun nan yana jira a gefe. Bishoi ya yi gyaran murya ya ce wataƙila injinan masu gyara ne suke haƙa a ƙasa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce ko na'urar sanyaya ɗaki ce. Baba ya ɗaga ido ya dubi kofin da ke taga, mu ma muka duba. Ruwan nan a kwance yake lumui, ko alamar motsi babu. Ya mayar da idonsa kan madubi ya ci gaba da matso da allurar, tana lilo tana matsowa, har na ga inuwarta ta hau bakin guntun. Ban san lokacin da na ce Baba ba. A ɗakin nan, da farar riga, a gaban Bishoi, kuma da irin muryar da nake kiransa ina ƙarama in na ga kare.

Ya tsaya. Ya janye allurar a hankali ya ajiye ta a faranti, ya cire safar hannu, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa yana kallon na daman yana karkarwa. Sai ya ce wa Bishoi ya je ya zubar da ruwan nan, ya yi gadi ya isa. Ya ce mana shi ba don guntun ya zaɓi ranar nan ba. Yaya, ka tuna lokacin da ƙuraje suka feso maka kana firamare, ya hana ka ƙwai mako guda, sannan madara, sannan kifi, har ya gano? Ka tuna yadda yake cewa in abu ya lalace a cire dalili ɗaya a ga abin da ya rage? To abin da ya yi wa kansa ke nan. Ya ce ya cire jirgi, ga abin da ya rage, kuma awo ya fito sarai babu gardama. Daga nan ya juyo kanmu, ransa a ɓace ƙwarai. Ya ce shi da ya ce jirgi ne tsoro ne ya sa shi, yana so wani ya ƙaryata shi, amma mu me ya sa mu? Ya ce ya yi shekaru yana koya mana kada mu yi wa ma'auni ƙarya, ashe ya tara masu yanko roba ne da masu zancen mangwaro. Bishoi ya sunkuyar da kai ya ce kunya ce Dakta. Baba ya ce kunyar ta ci guntu uku, ba za ta ci na huɗu ba. Ya tashi, ya ja kujerar baya, ya ce Injiniya Nirmin, zauna.

Na zauna, na yi bismillah, na kama sukurori, na kai lambar inda ba ta taɓa kaiwa ba a sabon zanen nan, har Bishoi ya yi fito. Amma akwai wani abu a aikin nan da ke cin rai. Gam in yana bushewa tsukewa yake yi, ya ja zaren. Saboda haka ba a ɗaurewa a ƙololuwa. Sai ka isa wurin da ka sha wahalar nema, sannan da gangan ka kauce, kana kallon lambar tana sauka, ka dogara gam ɗin zai jawo ta ya mayar. In ka kauce da yawa ba za ta dawo ba, in ka yi kaɗan za ta wuce, kuma in gam ya bushe an gama. Baba yana tsaye a bayana ya faɗi iya yadda zan kauce. Na ce masa a'a, wannan sabon gam ne, bai kai tsohon ja ba, na gwada shi a kan tarkace. Ba a taɓa ce wa Dakta a'a a kan gam ba. Na ji numfashinsa a ƙeyata. Can ya ce hannun da ke riƙe da allura shi ke yanke hukunci, in yi abin da na gani.

Na kauce iya nawa lissafin, na ɗiga gam, allurar ta fita lafiya. Gam ɗin ya cike tsakanin, lambar ta ɗan motsa ta zauna a ƙasa, inda in kwamiti ya gani zai tattara takardunsa. Bishoi ya kunna fitila. Ba abin da ya faru. Ina ta cewa a raina shi ke nan, na kashe aikin Baba da taurin kaina, da na bi nasa. Bishoi yana ta motsa baki da addu'o'insu, ni ina nawa. Sai na ji hannun Baba a kafaɗata, yana karkarwa, bai kuma ɓoye ba. Lambar ta motsa. Ta hau kaɗan, ta tsaya kamar tana shawara, ta sake hawa, ta yi ta rarrafe har ta tsaya dab da ƙololuwa, ba ta ƙarasa ba, amma ta wuce abin da ake bukata da rata mai kyau. Muka jira gam ya gama, muka saki maƙallan, ba ta sauka ba. Bishoi ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa. Baba ya leƙa ma'aunin ya ce da na bi nasa da ta ƙarasa. Bishoi ya ce ko kuma da ta wuce, Dakta, yanzu ai an hana mu kunya. Baba ya harare shi, sannan ya yi dariyar da na manta rabon da in ji ta, ya ce mu tashi kada ya rasa Juma'a.

Kwamitin ya zo, sun ga haske, ɗakin yana nan. Baba ya tsaya a gabansu hannuwansa a baya, da shugaban sashe ya ce hannun Dakta Sarwat har yanzu babu irinsa, sai ya ce masa ba hannunsa ba ne, na Injiniya Nirmin ne, nasa ya yi ritaya kafin shi. Na so ƙasa ta tsage in shige, don ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Mama ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sai da Baba da kansa ya ce ta dawo masa da ƙaramin kofinsa, in ya yi ƙara ya yi.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Ya yarda zai ga likitan jijiyoyi mako mai zuwa, ni zan kai shi. Ba mu san mene ne ba tukuna, kuma ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka san magunguna, duk abin da aka rubuta zan turo maka ka duba. Ka kira shi, ka tambaye shi hannunsa kai tsaye, kada ka tsaya zancen sanyi da kuɗin makarantar yara. Wasiƙun da ya daina, ba ya so ka ga yadda rubutunsa ya koma ne, ya fara ya yage ya fi a ƙirga, Mama ce ta gaya mini. In da hali ku zo da rani, kada ku jira Sallah.

Ka gaishe mini da Dalya da kyau, ka ce mata na gode da hotunan. Ka sumbaci Siraj da Lujain, ka ce wa Siraj Gwaggonsa ta ji labarin haƙorin da ya fita. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka, Hazim da Gwaggo Afaf ma haka, Bishoi ma ya ce a gaida mai magani. Na karanta wa Baba takardar nan tun daga farko, ya ce na yi surutu da yawa kuma bayanin fiƙe hanya bai cika ba. Sannan ya ce in bar masa wuri a ƙasa, in ba shi biro, kuma kada in riƙe masa takarda. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nirmin

Ramiz ɗana, wannan rubutuna ne. Teburin lafiyarsa lau. Ka kawo mini yara.
Babanka